Audu Bako: Gwamnan da ya tare koguna, ya sauya wa kada da kififiya mazauni

An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924. Ya gaji aikin mahaifinsa a 1942, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin kwamishina. Da Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya damƙa masa Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau.

Ruwa ne babban abin da ya sa a gaba. Ya gina dam ɗin Bagauda, sannan na Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ke cinye amfanin gona da dabbobi a ƙasar Hausa. Tiga na ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma da shi manoman Kadawa da Kura da Bunkure ke noman rani har yau. Shi ne kuma ya kafa gidan zoo na Kano, wanda ke ɗauke da sunansa.

Sai dai kogi ba na mutum ne kaɗai ba. Kada da kififiya kan binne ƙwansu a yashin gaɓa, kuma zafin yashin ne ke tantance ko ɗan kada zai fito namiji ko mace. Wata kififiyar kan shige cikin taɓo da rani, ta kwanta sai damina ta faɗi. Duk wannan rayuwa ta dogara ne ga cikar kogi da janyewarsa a kan kari. Da aka tare kogin Kano, ambaliyar da ke shayar da fadamun Hadeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kachala damar toshe magudanai. Masunta da makiyaya da manoman can suka ɗanɗana kuɗarsu tare da halittun ruwa.

Tafarkin da ya shata bai tsaya da shi ba. A 1992 aka kammala dam ɗin Challawa a Karaye, wanda ya shimfiɗa tafki inda a da ake da gonaki da gaɓar yashi, ya sauya rayuwar yankin Karaye da Rogo.

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin Yulin 1975. Ya koma noma, ya rasu a 1980. Kanawa na tunawa da shi a matsayin gwamnan da aikinsa bai ruɓe ba. Amma ya bar wa na baya nauyin da har yanzu ba a sauke ba: yadda za a raba ruwan Tiga da Challawa tsakanin birni da gona da fadama, ba tare da an shafe mazauna kogin na asali ba.