Christa McAuliffe, Malamar Da Aka Zaɓa Don Ta Koyar Daga Sararin Samaniya

A wannan zamani ba abin mamaki ba ne a ji cewa 'yan makaranta sun taru a babban zaurensu, an kafa eriya a kan rufi, sun yi magana baki da baki da ɗan sama jannatin da ke cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kilomita kamar 400 daga doron ƙasa. Waɗanda kan haɗa wannan magana su ne masu rediyon sha'awa, watau mutanen da suka ci jarrabawa gwamnati ta ba su lasin riƙe rediyo irin na oba-oba a gidajensu, suna hira da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba don neman kuɗi ba. To, amma duk wanda zai ba da tarihin yadda ɗakin karatu da sararin samaniya suka san juna, tilas ya ambaci wata malamar sakandare ta ƙasar Amurka, wadda aka shirya za ta koyar da darasi daga can sama, ba ta kuwa samu ta furta ko kalma ɗaya daga cikinsa ba.

An haifi Sharon Christa Corrigan a birnin Boston ran 2 ga watan Satumba, 1948, ita ce babba cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta akanta ne, mahaifiyarta kuwa takan yi aikin koyarwa, kuma ta wajen uwa tana da jinin mutanen Labanan. A garin Framingham na Jihar Massachusetts ta tashi, a nan ta yi sakandare, a nan kuma ta shiga kwalejin jihar, inda ta sami digiri a fannin tarihi da aikin koyarwa a 1970. A wannan shekara ce ta auri Steven McAuliffe, wanda suka san juna tun suna sakandare, suka koma kusa da birnin Washington saboda shi yana karatun lauya. Ta yi shekara takwas tana koyarwa a ƙananan makarantun sakandare na Jihar Maryland, ta ƙara digiri na biyu a kwalejin Bowie a 1978, sa'an nan iyalin suka ƙaura zuwa Concord, babban birnin Jihar New Hampshire.

Babu wani abu a cikin wannan tarihi da ya bambanta ta da dubban malamai, wannan kuwa shi ne ya zama jarinta daga baya. A babbar sakandaren Concord tana koyar da tarihi da shari'a da tattalin arziki, har ta tsara wani darasi na ƙashin kanta a kan matan Amurka. Ra'ayinta shi ne tarihi ba na sarakuna da janar-janar da 'yan siyasa kaɗai ba ne, talakan da ya yi noma da matar da ta yi reno su ma suna da rabonsu a ciki. Saboda haka takan fita da ɗalibai su je su gani da idonsu, takan kuma gayyato mutanen gari su shigo aji su yi bayanin sana'arsu.

Ran 27 ga watan Agusta, 1984, Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwa cewa farar hula na farko da za a ɗauka cikin kumbon da ke zuwa sama ya dawo, malamin makaranta ne zai zama. Ba za a ce babu siyasa a cikin maganar ba. Shekarar zaɓe ce, ana ta sukar gwamnati a kan lalacewar ilimi, ita kuma hukumar binciken sararin samaniya, watau NASA, ta lura jama'a sun fara gajiya da kallon tashin kumbo, alhali kuwa kuɗinta daga majalisa yake fitowa. Malamai fiye da 11,000 suka cika takardar nema. Christa ta bayyana a cikin tata takardar cewa a kan idonta aka fara zuwa sararin samaniya tun tana yarinya, tana kuma so a yi da ita. Abin da ta ce za ta yi a can ba wani babban bincike ba ne: za ta riƙa rubuta abin da ta gani da abin da ta ji kowace rana, kamar yadda matan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka cikin keken doki suka riƙa yi a ƙarni na 19, domin ta dawo da labarin da mutum irinta zai fahimta. Aka tace masu nema suka koma 114, daga nan suka koma 10, aka kai su Houston likitoci suka duba su. Ran 19 ga watan Yuli, 1985, Mataimakin Shugaban Ƙasa George Bush ya ambaci sunanta a fadar gwamnati, ya kuma ambaci Barbara Morgan, wata malamar firamare daga garin McCall na Jihar Idaho, a matsayin wadda za ta maye gurbinta idan wani abu ya hana ta tafiya.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin a daidai wannan lokaci akwai wasu da ke neman haɗa yara da sararin samaniya ta wata hanya dabam, ba tare da ganga ko kakaki ba. A ƙarshen 1983 wani ɗan sama jannati mai suna Owen Garriott, wanda ke da lasin rediyon sha'awa tun yana yaro, ya sami izini ya shiga kumbon Columbia da ɗan ƙaramin rediyon hannu, ya manna eriya a jikin taga, ya yi ta magana da mutanen da ke ƙasa. Cikin waɗanda suka amsa masa har da Sarki Husaini na Jodan, wanda shi ma ma'abocin wannan rediyo ne. Kwana goma kacal bayan an zaɓi Christa, kumbon Challenger ya tashi da Tony England, shi kuma ya yi magana da ƙungiyoyin matasa ta rediyo, har ya aiko da hotuna. Wannan kumbo ɗin dai shi ne aka tanadar wa malamar.

A watan Satumba ta bar mijinta da 'ya'yanta biyu a Concord ta tafi Houston karɓar horo. An koya mata yadda ake ci da barci da amfani da na'urar ɗaukar hoto inda jiki ba shi da nauyi, aka kuma riƙa ɗaukarta cikin wani jirgin sama da kan hau ya sulmiyo don mutum ya ɗanɗana wannan yanayi na 'yan daƙiƙoƙi. 'Yan jarida sun ƙaunace ta ƙwarai, domin tana magana yadda kowa zai gane. An shirya mata darasi biyu na minti 15 kowanne, waɗanda za a watsa kai tsaye ta talabijin zuwa makarantu. A na farko za ta zagaya da ɗalibai cikin kumbon, a na biyu ta bayyana dalilin zuwa sararin samaniya da amfaninsa. Ban da waɗannan akwai gwaje-gwajen da za a ɗauka a fim, a kan maganaɗisu, da dokokin motsi na Newton, da shuka ba tare da ƙasa ba, da yadda kumfa ke tashi a cikin ruwa.

An sa ranar tashi 22 ga watan Janairu, 1986, amma aka yi ta ɗagawa. Kumbon da ya riga su ya makara wajen dawowa, yanayi ya ɓaci a Dakar ta ƙasar Senegal inda aka tanadi filin saukar gaggawa, ran 27 ga wata kuma wani ƙusa ya ƙi kwancewa a marfin ƙofa, kafin a gama da shi iska ta taso. Kowace ɗagawa sai jaridu su yi ba'a, hankalin shugabannin hukumar ya ƙara tashi.

Abin da ya faru a daren 27 ga wata shi ne ya kamata duk ma'aikacin da ke sa hannu a takarda ya karanta da natsuwa. Kumbon yana tashi ne da taimakon manyan rokoki biyu, kowace an haɗa ta gaɓa-gaɓa, a kowace mahaɗa kuma akwai zoben roba wanda ke toshe kafa don kada wuta ta fita. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol mai ƙera rokokin, musamman Roger Boisjoly, sun san roba takan ƙage idan ta sha sanyi, sun kuma ga alamar ƙuna a jikin zobban bayan wasu tafiye-tafiye na baya. Da suka ji irin sanyin da za a yi a Florida a wannan dare, sai suka ba da shawara ta wayar tarho cewa kada a tashi in awon zafi bai kai digiri 12 ba. Jami'an NASA suka nuna ɓacin ransu, suka nemi hujjar da ta fi wannan. Manajojin kamfanin suka keɓe, suka yi shawara tsakaninsu, suka dawo suka ce a tashi. Wakilin kamfanin a filin tashi, Allan McDonald, ya ƙi sa hannu, sai wani na sama da shi ya sa. Wannan gardama ba ta kai kunnen manyan da ke da ikon yanke hukunci na ƙarshe ba, balle mutum bakwai ɗin da za su shiga kumbon.

Da gari ya waye ran 28 ga wata, ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiyar tashi, aka jira awa biyu. Da ƙarfe 11:38 na safe Challenger ya tashi, awon zafi bai wuce digiri 2 ba. Hotuna sun nuna daga baya cewa tun a daƙiƙar farko baƙin hayaƙi ya fita daga wata mahaɗa ta rokar dama. Kafin minti ɗaya ya cika harshen wuta ya ɓullo ta wurin, ya riƙa cin babban tankin mai, a daƙiƙa ta 73 kuma kumbon ya wargaje a nisan kilomita kamar 14 a sama da tekun Atlantika. Iyayen Christa da mijinta da 'ya'yanta suna tsaye a filin suna kallo. Ɗalibanta suna zauren makarantarsu a Concord, sun yi ta tafi da sowa kafin su gane abin da idonsu ya gani, haka kuma yara a makarantu masu yawa, domin hukumar ta shirya a kai musu hoton ta tauraron ɗan'adam. Ta rasu tana da shekara 37, tare da Francis Scobee da Michael Smith da Judith Resnik da Ronald McNair da Ellison Onizuka da Gregory Jarvis. Sai a watan Maris aka gano ɗakin matuƙa a ƙarƙashin teku. An binne ta a Concord.

Shugaba Reagan ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin William Rogers, tsohon sakataren harkokin waje, cikin membobinsa har da Neil Armstrong. A wani zama da aka nuna ta talabijin, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar nan ya tsoma cikin ruwan ƙanƙara, ya fito da ita kowa ya ga ba ta koma yadda take ba. Gani ya kori ji. Rahoton da ya fito a watan Yuni ya ɗora laifi a kan zoben, ya kuma ɗora a kan yadda hukumar ke yanke shawara, domin an daɗe da sanin aibin, sai dai tun da an sha tafiya an dawo lafiya, aka mai da shi abin da za a iya zama da shi. An dakatar da tashin kumbo har wata 32. Barbara Morgan ta koma ajinta a Idaho, a 1990 kuma aka rufe shirin tura malami gaba ɗaya.

A wannan shekara ta 1990 ɗin ce rediyon sha'awa ya sake komawa cikin kumbo, da Ron Parise, daga nan kuwa hira da makarantu ta zama al'ada a tafiye-tafiye da dama. A 1996 ƙungiyoyin masu wannan rediyo na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka kafa shirin da ake kira ARISS don tashar ƙasa da ƙasa da ake shirin ginawa. Ran 21 ga watan Disamba, 2000, ɗaliban wata makaranta a garin Burbank na Jihar Illinois suka zama na farko da suka yi magana da tashar, kwamandanta Bill Shepherd ne ya amsa musu. Zuwa 2016 irin wannan hira ta kai 1,000.

Yadda abin ke gudana kuwa yana da ban sha'awa. Tashar tana gudun kilomita kamar 28,000 a awa ɗaya, tana kewaya duniya cikin minti 90, saboda haka daga lokacin da ta ɓullo a gefen sama zuwa lokacin da za ta faɗa ɗaya gefen bai fi minti 10 ba. Cikin wannan ɗan lokaci ne yara za su jeru, kowa ya faɗi sunansa ya yi tambayarsa a gaggauce, amsa ta sauko a kan mita 145.800, inda duk mai ƙaramin rediyon da ya dace a wannan yanki zai iya saurara. Makarantar da ba ta da kayan aiki akan haɗa ta ta wayar tarho da wani mai rediyo a wata nahiya wanda tashar ke wucewa ta kansa a wannan sa'a. Kafin ranar kuma ɗalibai kan shafe watanni suna koyon lissafin kewayawa da yadda igiyar rediyo ke tafiya. A ganina wannan ya fi kusa da irin koyarwar Christa fiye da duk makarantu da lambobin girma da aka sa wa sunanta, har da mutum-mutuminta da aka kafa a harabar majalisar New Hampshire a 2024, domin a nan yaro ne da kansa ke riƙe da makirfo.

Barbara Morgan ba ta haƙura ba. A 1998 hukumar ta ɗauke ta a matsayin cikakkiyar 'yar sama jannati, a watan Agusta na 2007 kuma ta tashi cikin kumbon Endeavour tana da shekara 55. Ta riga ta ci jarrabawar lasin rediyo, daga cikin tashar kuwa ta amsa tambayoyin 'yan makarantar McCall, garin da ta koyar. Darussan Christa su kuma suka ci gaba da zama a takarda har 2018, lokacin da Joe Acaba da Ricky Arnold, waɗanda dukansu tsofaffin malaman makaranta ne, suka ɗauki nauyin gudanar da wasu daga ciki a tashar. Aka ɗauke su a fim aka rarraba wa makarantu, shekara 32 bayan ranar da aka sa za a koyar da su.