Aristo: Malamin Da Ya Koyar A Garin Da Ba Nasa Ba

Masu karatu, a wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani Bagirke wanda ya rasu sama da shekara 2,300 da suka wuce, amma duk almajirin da ya yi zurfi a karatun zaure har ya kai ga ilmin manɗiƙi, to ya sha daga rijiyarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Turawa suna kiransa Aristotle, Larabawa su ce Arisɗo, malaman falsafa na Musulunci kuwa laƙabin Malami na Farko suka ba shi. Abin da ya ƙara jawo hankalinmu gare shi, mu da muke zaune nesa da gida, shi ne a baƙunci ya yi kusan duk aikin da ya sa duniya ta san shi.

An haife shi a shekarar 384 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) a wani ɗan gari mai suna Satajira, arewacin Girka. A lura, shekarun wancan zamani raguwa suke yi idan ana lissafi. Mahaifinsa likita ne a fadar Sarkin Makedoniya, ya kuma rasu ya bar shi yana yaro. Yana ɗan shekara 17 aka tura shi birnin Atina, makarantar Aflaɗun, ya shekara 20 cur a can, daga ɗalibi har ya zama malami.

To, zaman Atina fa ga baƙo ba zaman ɗan gari ba ne. Dokar birnin ta hana baƙo mallakar fili ko gida, ba shi da ƙuri'a a majalisa, ba ya zama alƙali. Dole ya sami ɗan gari ya tsaya masa, kamar dai yadda maigida yake tsaya wa fatake. Akwai kuma harajin zama, darakma 12 a shekara kan kowane namiji, kuɗin nan da sunansa ya koma dirhami a bakin Larabawa. Ko a garin aka haifi ɗan baƙo, baƙo ne. Ba sai mun yi wa masu karatunmu dogon bayani a nan ba.

Duk da girman da yake ba malaminsa, Aristo ya saɓa masa. Aflaɗun yana ganin abubuwan da ido yake gani inuwa ce kawai, ainihin gaskiyarsu tana wata duniya da hankali kaɗai ke iya kaiwa. Shi kuwa ɗan likita ne, ya tsaya a kan cewa mai son sanin doki, doki zai je ya duba. Da Aflaɗun ya rasu a 347, makaranta ta koma hannun ɗan 'yar'uwarsa, Aristo ya bar garin. Ya zauna a Asos inda ya yi aure, sannan ya haye tsibirin Lesbos ya shiga binciken halittun ruwa, yana feɗe kifaye, yana tambayar masunta. Ya rubuta bayanin dabbobi kusan iri 500. Tun a lokacin ya gane cewa dabbar ruwan nan dolfin iska take shaƙa, haihuwa take yi ta shayar da ɗanta, don haka ba a sahun kifi take ba.

A 343 Sarki Filibus na Makedoniya ya kira shi ya koyar da ɗansa Iskandar, mai shekara 13, wanda daga baya ya ci ƙasashe tun daga Masar har bakin Indiya. Wannan alaƙa ta ɗaga shi, ita ce kuma ta ja masa daga baya.

Ya koma Atina a 335 ya buɗe tasa makarantar a wani dandalin jama'a mai suna Lisiyum, tunda ba shi da ikon sayen fili. A shekara 12 da ya yi nan ne ya shimfiɗa mafi yawan koyarwarsa. Shi ya fara tsara ƙa'idojin kafa hujja: idan duk mai rai mamaci ne, sarki kuma mai rai ne, to babu makawa sarki mamaci ne, ko fadawa sun so ko sun ƙi. Ya koyar cewa ba a san abu ba sai an san sababinsa huɗu. Ɗauki tukunya: da me aka yi ta, yumɓu, wace siffa ta mai da ita tukunya, wa ya gina ta, don me aka gina ta. A fagen hali kuwa ya ce nagarta tana tsakanin gazawa da wuce gona da iri. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci, jarumta tana tsakanin ragwanta da ganganci, kuma ba a gadon su, da yi ake sabawa, kamar yadda ake koyon ƙira a maƙera.

Wurin da muka fi tsayawa shi ne littafinsa na siyasa. A ganinsa mutum halitta ce da ba ta cika sai a cikin al'umma, ya kuma bayyana ɗan ƙasa da cewa shi ne mai hannu a shari'a da mulki. Wato da alƙalaminsa ya zana da'irar da shi kansa yake wajenta, bai kuma nemi a faɗaɗa ta ba. Ya ma yi abin da ya fi haka muni, don ya kare bauta da cewa wai wasu mutane bayi ne tun daga halitta, ya kuma ɗauki mace ƙasa da namiji a hankali. A nan kam manɗiƙin nasa bai cece shi ba, kuma ƙarnuka da yawa bayansa masu cinikin bayi sun fake da maganarsa.

Littattafansa sun iso mu ta doguwar hanya. An fassara su zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, Alfarabi ya yi musu hidima har aka kira shi Malami na Biyu, Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi musu sharhin da Turawa suka mayar Latin suka karanta a jami'o'insu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare karatun manɗiƙi a muhawararsa da Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramun ne.

Ƙarshen zamansa a Atina bai yi daɗi ba. A 323 labari ya iso cewa Iskandar ya mutu a Babila. Nan take birnin ya tayar wa duk mai alaƙa da Makedoniya, aka tuhumi Aristo da raina allolin gari, irin tuhumar da aka kashe Suƙraɗ a kanta a 399. Shekara fiye da 30 na zama da koyarwa ba su sa an ɗauke shi ɗan gida ba. Ya bar wa abokinsa Tiyofarastas makarantar, ya tsere zuwa Kalkis, garin dangin mahaifiyarsa. Can ya rasu a 322 yana da shekara 62. A wasiyyarsa ya yi tanadi ga 'ya'yansa biyu, ya ce a 'yanta wasu daga cikin bayinsa, sannan ya nemi a ɗauko ƙasusuwan matarsa da ta riga shi a binne su tare da shi.