Ladi Kwali: Rayuwarta da Fasaharta ta Ginin Tukwane

Gabatarwa

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata ta duƙufa a kan tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, maginiyar da sana'ar hannu ta kai sunanta ƙasashen duniya ba tare da ta zauna a ajin boko ba. Wannan darasi zai yi tsokaci a kan rayuwarta da salon aikinta, domin ɗalibi ya ga yadda ta karɓi sabon ilimi ba tare da ta saki na gado ba.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Ladi a wajejen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, wanda a yau yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Ladi suna ne da Hausawa kan laƙaba wa macen da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna daɗaɗɗiyar cuɗanya tsakanin Gwarawa da Hausawa. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, don haka tun tana ƙarama ta koye shi a hannun wata 'yar'uwar iyayenta.

Ba a amfani da inji a wannan gini. Maginiya kan murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi hawa-hawa, tana zagaya tukunyar tana shafe ta har ta tashi. Kafin yumɓun ya bushe sai a yi masa zane, sa'an nan a gasa a fili da itace da busasshiyar ciyawa. A nan Ladi ta yi wa tsararrakinta fintinkau. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka, ta zana kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko kifi ko tsuntsu a cikin kowane gida.

Haɗuwarta da Michael Cardew

Kyawun tukwanenta ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara wasu daga cikinsu a fadarsa. Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da ake kira Suleja a yau. A shekarar 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka domin inganta ginin tukwane, ya ga waɗannan tukwane a fadar, suka kuwa ƙayatar da shi. Bayan haka ya kafa Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a garin, kuma a 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko da aka ɗauka.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta yi kwanuka da kofuna da butocin shayi. Duk da haka ba ta bar ginin randa da hannu ba. Sai ta ɗauki sabon yumɓun cibiyar ta gina randar Gwari da shi, ta yi zanenta na gado, ta cike layukan da farar ƙasa, sa'an nan aka shafa ruwan ƙyalli aka gasa. Ta haka zanen yake bayyana a ƙarƙashin ƙyallin.

Wannan sauyi ya zo da riba da kuma hasara. Randar gargajiya tana tsattsafo, shi ya sa take sanyaya ruwa. Randar da aka shafe da ƙyalli kuwa ta yi ƙarko, amma ta yi nauyi da tsada, kuma ba ta sanyaya ruwa. Wato ta tashi daga kayan amfanin tsakar gida ta koma kayan kallo, masu sayenta ma suka sauya.

Ɗaukaka da Rasuwarta

An baje kolin ayyukan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, inda tukwanen Ladi suka ja hankalin jama'a. Ta nuna yadda take gini a Ingila da Faransa da Jamus, kuma a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta sami lambar yabo ta NNOM a 1980, da ta OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar sunanta, sa'an nan a 2007 aka buga hotonta a bayan Naira 20.

Takwaranta a Wata Nahiya

Ba a Nijeriya kaɗai fasahar gado ta hau takardar kuɗi ba. A arewacin Ostareliya, 'yan asalin ƙasar suna yin zane da ƙasa mai launi a kan ɓawon itace. Ɗaya daga cikinsu shi ne David Malangi, wanda ya rasu a 1999. A 1966 an buga zanensa a takardar dala ɗaya ba da saninsa ba, sai daga baya aka gane kuskuren aka biya shi. Ladi kuwa an san ayyukanta da sunanta tun tana raye. Kwatancin yana tunatar da mu cewa a bayan kowane aikin da ake kira na gargajiya akwai mutum mai suna, mai haƙƙi.

Kammalawa

Cardew bai koya wa Ladi Kwali fasaha ba. Ya same ta da abinta, ya ƙara mata kayan aiki. Haka malami zai tarar da yara a aji, kowanne ya zo da wani sani daga gida, na saƙa ko jima ko ƙira ko gini. Aikinsa shi ne ya gano wannan sani ya ɗora a kai, kada ya raina shi.

Tambayoyi

1. Bayyana matakan ginin tukwane na gargajiya.
2. Wace riba da wace hasara ruwan ƙyalli ya jawo wa randa?
3. Ziyarci maginiya a yankinku, ka tattaro kalmomi goma na sana'arta tare da ma'anoninsu.