Frederick Taylor, mutumin da ya tsawaita ran wuƙar inji

An haifi Frederick Winslow Taylor ran 20 ga watan Maris 1856 a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, cikin gidan wadata. Mahaifinsa lauya ne, shi ma an so ya gaje shi, har ya ci jarrabawar shiga jami'ar Harvard. Amma ciwon ido ya hana shi, sai ya shiga koyon aikin ƙarfe. A 1878 ya kama aiki a masana'antar ƙarfe ta Midvale a matsayin lebura. Da rana yana bakin inji, da dare yana karatu, har ya sami takardar injiniya a 1883.

A wancan zamani babbar matsalar masu sassaƙar ƙarfe ita ce wuƙar inji. In aka ƙara wa inji gudu sai bakinta ya yi zafi, ya yi laushi, ya dakushe. Dole a tsai da aiki a wasa ta. Maƙera kuwa sun gaji cewa in ƙarfen wuƙa ya wuce ja cikin wuta, to ya lalace.

Taylor bai yarda da abin da ba a gwada ba. A 1898 ya koma masana'antar Bethlehem, inda shi da abokin aikinsa Maunsel White suka riƙa gasa ƙarfe mai haɗin tungistan da kurom, suna ƙara wuta mataki mataki. Suka gano cewa in an kai shi dab da narkewa, wajen digiri 1200, taurinsa ba ya gushewa ko da ya yi zafi wurin yanka. A bajekolin duniya na Paris a 1900, jama'a suka ga wuƙa ta yi ja wur tana ci gaba da yankan ƙarfe, aka ba shi lambar zinariya. A 1906 ya fid da sakamakon gwajinsa na shekara 26.

Sai dai bai tsaya ga ƙarfe ba. Ya ɗauki agogo yana auna motsin ma'aikaci kamar yadda ya auna wuƙa. Littafinsa na 1911 a kan tsarin aiki ya faranta wa masu masana'antu rai, amma ƴan ƙwadago suka ga an mai da su inji, har majalisar Amurka ta kira shi bincike a 1912. Ya rasu da ciwon huhu ran 21 ga Maris 1915.

Aikin da ya soma bai tsaya ba. Bayan an ƙera leza ta farko a 1960, masana suka koyi haska ta a kan fatar ƙarfe kaɗai. Fatar ta yi zafi nan take, sanyin cikin ƙarfen ya shanye zafin, bakin ya yi tauri ba tare da an tsoma shi cikin ruwa ba, cikin kuma bai zama mai saurin karyewa ba. Wutar ta sake, amma hanyar ta Taylor ce: a auna zafi, a gwada, a rubuta.