Tunawa Da Marigayi Alhaji Abubakar Imam



An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya koyar a Midil ta Katsina. A 1933 ya shiga gasar da Rupert East ya shirya, aka buga masa Ruwan Bagaja. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku ke riƙe Musa ɗan sarki da labarai. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Ban manta ba, malaminmu na Hausa ya kan karanta mana shi, ya tura mu bakin kwalbatin ruwan Tiga tsakanin Kura da Bunkure, mu rubuto ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kwaɗi cikin shinkafa. Nan na koyi rubutun da nake cin abinci da shi.

Yau ƙannenmu da yawa ba su san littafin ba. Ina roƙon ƙungiya ta saya wa laburarenmu. Allah ya jiƙan Imam, amin.