Kevin Carter, Mai Hoton Ungulu da Yaro

Da wuya a sami ɗalibin aikin jarida da bai taɓa ganin hoton nan ba: ƙaramin yaro, yunwa ta tsotse shi, ya durƙushe goshinsa a ƙasa, ga ungulu a bayansa ta zuba masa ido. Wanda ya ɗauki hoton shi ne Kevin Carter, farar fata ɗan Afirka ta Kudu. Hoton ya jawo masa lambar yabo ta Pulitzer, wadda ita ce ƙololuwa a aikin jarida na Amurka, amma bai cika wata huɗu da samunta ba ya mutu.

An haife shi a birnin Johannesburg ranar 13 ga Satumba, 1960, lokacin da mulkin wariyar launin fata yake kan ganiyarsa. Ya tashi a unguwar farar fata zalla, inda tun yana yaro yake ganin 'yan sanda suna kama baƙaƙe saboda rashin takardar izinin zama. Ya fara karatun harhaɗa magunguna ya bari, sai aikin soja na dole ya hau kansa, ya shiga rundunar mayaƙan sama. A can ne cikin 1980 ya tsaya wa wani baƙar fata mai raba abinci da ake ci wa mutunci, 'yan'uwansa sojoji suka yi masa dukan kawo wuƙa. Bayan ya ga ɓarnar bam ɗin da ya tashi a Pretoria cikin 1983, ya ƙudura zama mai ɗaukar hoton labarai. Ya soma da hotunan wasanni, a 1984 ya koma jaridar Star ta Johannesburg.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne a unguwannin baƙaƙe, cikin harbe-harbe da ƙone-ƙone. Yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoton kisan nan da ake rataya wa mutum taya a wuya a cinna wuta. Shi da abokansa uku, Greg Marinovich da Ken Oosterbroek da Joao Silva, aka yi musu laƙabi da Bang-Bang Club saboda yawan kutsawarsu inda bindiga ke tashi. Marinovich ya riga shi samun Pulitzer a 1991, da hotunan wani mutum da aka sara aka ƙone a Soweto.

Cikin watan Maris na 1993 Carter da Silva suka bi jirgin kayan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa kudancin Sudan, inda yaƙin basasa ya haifar da yunwa. Suka sauka a ƙauyen Ayod. Kusa da wurin ciyar da mutane ya tarar da yaron a durƙushe, ungulu kuma ta sauka a bayansa. Bisa labarin da shi kansa ya bayar, ya jira wajen minti 20 ko ungulun za ta buɗe fukafukanta. Ba ta buɗe ba. Ya ɗauki hotonsa, ya kore ta. Jaridar New York Times ta buga hoton ranar 26 ga Maris, kuma tambayoyin masu karatu game da makomar yaron suka yi yawa har sai da jaridar ta fitar da bayani na musamman bayan 'yan kwanaki.

A nan ya kamata a duba yadda ake ba da lambar. Jami'ar Columbia ta New York ce ke kula da ita. Alƙalai, waɗanda masana aikin ne, suna tace hotunan da aka aiko su miƙa uku ga hukumar gasar, ita kuma ta zaɓi gwani. Tun 1968 lambar hoto ta rabu biyu: ta labari mai zafi da ta hoton musamman. A 1994 Carter ya sami ta biyun. Ta farkon kuwa Paul Watson na jaridar Toronto Star ya same ta, da hoton gawar sojan Amurka da ake ja a titin Mogadishu. Wato duka biyun a wannan shekara sun tafi ga hotunan baƙin ciki daga Afirka.

Ba abin mamaki ba ne. Alƙalin da ya wuni yana duban ɗaruruwan hotuna, wanda ya sosa masa zuciya shi zai kwana a ransa. Hoton Carter kuma ba tausayi kaɗai ya ɗauke shi ba; an tsara shi da gwaninta, babu abin da ke raba hankalin mai kallo da yaron da tsuntsun. Sai dai wannan gwanintar ita ce ta ɓoye sauran labarin. Wurin ciyarwa bai fito ba, jama'ar da ke kusa ba su fito ba. Alƙalai sun auna hoton, jama'a kuwa suka auna mutumin, suna tambayar me ya hana shi ɗaukar yaron.

Abin bai tsaya a Sudan ba. Mutanen bakin iyaka, daga Mazanya da Jibiya har Maraɗi, ba su manta da yunwar Nijar ta 2005 ba. Hoton da gasar World Press Photo ta zaɓa a matsayin gwanin wannan shekara a Tawa aka ɗauke shi: yatsun jariri ramamme a kan leɓen uwarsa a wani wurin ciyarwa. Finbarr O'Reilly na kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya ɗauka.

Shi dai Carter bai more lambarsa ba. 'Yan kwanaki da sanarwar, ranar 18 ga Afrilu, 1994, aka harbe amininsa Oosterbroek a Thokoza, kwana tara kafin zaɓen da ya kawo Nelson Mandela. A ranar Carter ya bar wurin ne domin wata hira a kan Pulitzer. Ya je New York ya karɓi lambar cikin watan Mayu, ya dawo ga bashi, ga shaye-shaye, ga zargi. Mujallar Time ta tura shi aiki Mozambik, ya manta da fina-finan hotunan a cikin jirgi. Ranar 27 ga Yuli, 1994, ya kashe kansa a Johannesburg yana da shekara 33. Takardar da ya bari ta ambaci rashin kuɗi da siffofin gawawwaki da yara mayunwata waɗanda suka hana shi sakat.

Sai a 2011 jaridar El Mundo ta Sifen ta gano dangin yaron. Ashe namiji ne, ba mace ba kamar yadda aka buga da farko. Ya tsira daga yunwar, ya girma, kuma a cewar mahaifinsa zazzaɓi ne ya yi ajalinsa wajen 2007.