Tarihin Gugliyelmo Markoni, Uban Wayar Iska (1874–1937)

An haifi Gugliyelmo Markoni a birnin Bolonya na ƙasar Italiya ran 25 ga Afrilu, 1874. Mahaifinsa attajiri ne mai gonaki, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Ayalan ce. Tun yana saurayi hankalinsa ya karkata ga abu guda, wato yadda za a aika da saƙon tangaraho ba tare da an ja waya ba. A 1895 ya yi nasarar aika alama a gonar mahaifinsa har ta ƙetare wani tudu. Shekarar da ta biyo baya ya koma Ingila, inda ya kafa kamfaninsa a 1897.

A wancan zamani Markoni ya ɗauka cewa nisan saƙo ya dogara ne ga ƙarfin wuta da tsawon eriya. Bisa wannan ra'ayi ya gina babbar tasha a Poldhu, a kudu maso yammacin Ingila. Ran 12 ga Disamba, 1901, yana tsibirin Niyufawunlan, ya ba da sanarwar cewa ya ji harafin S daga tashar, bayan ya ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar fiye da mil 2,000. A 1909 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Bajamushe Karl Braun.

Sai dai ƙarfin nan yana da illarsa. Na'urorin farko da tartsatsin wuta suke aiki, saboda haka saƙonsu yakan bazu ta kowace fuska, babbar tasha ta danne muryar ƙarama. Bugu da ƙari, kamfanin Markoni ya hana ma'aikatansa musayar saƙo da jiragen ruwa masu na'urar wasu kamfanoni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasashe suka taru a Barlin a 1906. A nan aka wajabta wa tashoshin gaɓar teku da jirage su amsa wa juna, aka kuma ƙayyade cewa a al'ada ƙarfin na'urar jirgi kada ya wuce kilowat 1.

Ran 15 ga Afrilu, 1912, jirgin Titanik ya nutse. Mutane kimanin 1,500 suka halaka, wajen 700 kuwa suka tsira albarkacin kiran da ma'aikatan Markoni suka yi. Amma a kwanakin da suka biyo baya saƙonni sun cakuɗe, labaran ƙarya suka yaɗu. A shekarar ce Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kowace tasha neman lasisi, da yin aiki da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da saƙo.

Abin sha'awa shi ne, Markoni da kansa ya tabbatar da cewa dabara ta fi ƙarfi. Daga 1916 shi da injiniyansa Franklin suka dukufa ga gajeren zango, suka ƙera eriya mai tattara igiyoyin rediyo ta nufe su waje guda, kamar yadda tocila ke tattara haske. Da wannan hanya aka haɗa Ingila da Kanada a 1926, sannan Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya a 1927. Na'ura mai kilowat 20 ta yi aikin da a da sai mai ɗaruruwa. A 1933 ya haɗa Fadar Paparoma da gidan hutunsa na Kastel Gandolfo ta zango mafi gajarta.

Duk da haka, rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. Ya shiga jam'iyyar Musolini a 1923, ya kuma goyi bayan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935. Ya mutu a birnin Rum ran 20 ga Yuli, 1937, tashoshin rediyo da dama suka yi shiru na minti 2 don girmama shi.

A yau hukumomin sadarwa na ƙasashe ne ke yanka wa kowace mahaɗa tsakanin tasha da tasha iyakar ƙarfinta, kuma sukan haɗa da ƙarin da eriya ke yi cikin lissafin, domin kada saƙon wani ya shiga cikin na maƙwabcinsa.